Me ya sa oksalet na lantanom bai zama oksayid ba a digiri 600?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar sinadarai, ina shekarar ƙarshe. Na gasa giram 10 na oksalet na lantanom a digiri 600 na ma'aunin Salshiyas har tsawon sa'a biyu, ina sa ran samun giram 4.5 na farin oksayid, amma sai na samu giram 5.1 na gari mai launin toka. Abokina ya gasa oksalet na siriyom a digiri 400 kawai, kuma nasa ya fito daidai da lissafi. An koya mana cewa waɗannan ƙarafa halinsu ɗaya ne. A ina na yi kuskure, kuma yaya gishirinsu yake rushewa idan ya sha wuta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗalibi, ma'auninka bai yi ƙarya ba, lissafinka ma daidai yake, kuma giram 5.1 ɗin da ka samu shi ne ainihin abin da ya kamata a samu a wannan zafin. Abin da ke cikin kaskonka bai kai ga zama oksayid ba tukuna. Ya tsaya ne a wani zango da ke tsakanin gishiri da oksayid, wato oksikabonet na lantanom, La2O2CO3, wanda yake riƙe da kabon dayoksayid guda ɗaya ƙam, kuma ba ya sakinsa sai an ƙara masa wuta sosai. Zan nuna maka wannan da alƙaluma, sannan in bi da kai ta sauran nau'o'in gishirin, domin dalilin da ya tsayar da naka a hanya shi ne yake bayyana halin dukkansu.

Ƙarafan da ake wa laƙabi da masu wuyar samu guda 17 ne: dangin lantanom su 15, daga lantanom mai lamba 57 zuwa lutitiyom mai lamba 71, sai iskandiyom da itriyom. Maganar da aka koya muku cewa halinsu ɗaya ne tana da ƙamshin gaskiya, domin kusan dukkansu suna zama ne da caji uku a cikin gishiri, suna haɗa irin gishiri ɗaya, shi ya sa masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna fama da raba su da juna. Amma akwai bambanci biyu da wuta take tonawa. Na farko girman ayon, wato ƙwayar zarra mai ɗauke da caji: yana raguwa sannu a hankali daga lantanom, mai kimanin fikomita 103 (fikomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na mita), zuwa lutitiyom, mai kimanin 86, itriyom kuma yana wajen 90, shi ya sa yake tafiya da ƙananan. Victor Goldschmidt ne ya raɗa wa wannan tsukewa suna a 1925. Na biyu, uku daga cikinsu, siriyom da firasiyodimiyom da tabiyom, suna iya hawa zuwa caji huɗu idan akwai oksijin. Tambayarka ta taɓa bambancin biyu a lokaci guda, domin ka ɗauki mafi girman ayon a gidan, abokinka kuma ya ɗauki wanda ya fi kowa saurin hawa caji huɗu.

Mu fara da naka. Oksalet na lantanom da ake samu idan an zuba asid na oksalik a ruwan gishirin yana zuwa da ƙwayoyin ruwa goma a cikin ƙirarsa, La2(C2O4)3·10H2O, nauyin mol ɗaya (ma'aunin yawan ƙwayoyi a kimiyyar sinadarai) giram 722. Ruwan shi kaɗai giram 180 ne, wato kashi 25 cikin 100. Da zarar zafi ya ɗan haura na jiki ruwan yake fara fita, ba a tashi ɗaya ba, kuma kafin a kai digiri 300 zuwa 350 ya kusa ƙarewa, giram 10 ɗinka ya koma 7.5. Busasshen oksalet ba ya daɗewa, domin a wajen digiri 400 haɗin da ke tsakanin kabon biyu na oksalet yake tsinkewa, iskar kabon monoksayid da ta kabon dayoksayid su fita da sauri. Idan aka tattara wannan mataki ana iya rubuta shi haka: La2(C2O4)3 → La2O2CO3 + 3CO + 2CO2. Nauyin La2O2CO3 giram 369.8 ne, idan ka raba da 722 za ka samu kashi 51.2 cikin 100, wato giram 5.12 daga giram 10. Ka duba littafin da ka rubuta sakamakonka, za ka ga lambar da ka samu ke nan. Mataki na ƙarshe, La2O2CO3 → La2O3 + CO2, shi ne yake sauko da nauyin zuwa giram 325.8, kashi 45.1 cikin 100, kuma a cikin iskar ɗaki ba ya tafiya da kyau sai an haura digiri 700, ba ya kammala sai wajen 800. Ko kwana za ka yi a digiri 600, ƙaramin abu ne zai canza.

Launin tokan kuwa kabon ne. Kabon monoksayid da ke fita daga oksalet, idan bai samu isasshen oksijin da zai ƙone ba, yana rabuwa gida biyu a kan garin mai zafi, 2CO → C + CO2, sai ƙurar gawayi ta zauna a cikin garin. Wannan yana faruwa ne idan an rufe kasko da murfi, ko an cika shi da gari mai zurfi, ko tanderun ba ya samun iska. Na sha ganin kaskon da aka fito da shi samansa fari tas, amma da an sa cokali an tona sai a ga ƙasan kamar toka, saboda iska ta kai saman, ba ta kai ƙasan ba. Giram 10 a ɗan ƙaramin kasko yana da zurfi ƙwarai. Kabon ɗin bai da nauyin da zai ɓata lissafi sosai, amma yana nuna maka cewa a cikin garin akwai wurin da iskar gas ta taru ba ta fita, kuma wannan taruwar ita ma tana jinkirta mataki na ƙarshe, domin oksikabonet ba ya son sakin kabon dayoksayid matuƙar iskar da ke kewaye da shi cike take da shi. A cikin kabon dayoksayid zalla, La2O2CO3 yana iya kaiwa sama da digiri 900 bai rushe ba.

Me ya sa lantanom yake riƙo haka? Ka ɗauki kabonet a matsayin kabon ɗaya da oksijin uku suka kewaye. Domin ya rushe, dole ayon ɗin ƙarfe ya fizge oksijin ɗaya ya bar CO2 ya tafi. Ƙaramin ayon mai tarin caji a ɗan wuri yana jan gajimaren lantarkin oksijin da ƙarfi, yana raunana haɗinsa da kabon, kuma oksayid ɗin da zai haifar ya fi kafuwa, saboda haka wuta kaɗan ta ishe shi. Babban ayon cajinsa a baje yake, jansa ba shi da ƙarfi, sai kabonet ya zauna lafiya. Ka san wannan doka tun daga darasin rukuni na biyu na jadawalin sinadarai, ko da ba a haɗa maka ita da wannan gida ba: kabonet na magniziyom yana rushewa da wuri, dutsen farar ƙasa da ake ƙonawa a masana'antun siminti, wato kabonet na kalsiyom, yana buƙatar wajen digiri 900, na bariyom kuma sai an wuce 1,300. Haka abin yake daga lutitiyom zuwa lantanom, sai dai tazarar ba ta kai wannan faɗi ba. Idan ka auna nauyi yayin da zafi ke hawa, za ka ga na lantanom ya tsaya cak a zangon oksikabonet na tsawon digiri ɗari biyu ko fiye, na niyodimiyom tsayawarsa ta fi gajarta, na arbiyom da itabiyom da lutitiyom kuwa da ƙyar ake ganin wurin tsayawar, layin yana gangarowa ne kawai har ya kai oksayid.

Na abokinka hanyarsa daban ce. Ayon ɗin siriyom mai caji uku yana da lantarki guda ɗaya tak a zagayen 4f, kuma idan ya sake shi sai ya koma irin tsarin iskar zinon, wanda yake da kwanciyar hankali. Saboda haka da zarar oksalet ya fara tsinkewa a cikin iska, oksijin yake ɗaga siriyom zuwa caji huɗu. Ayon mai caji huɗu ya fi ƙanƙanta, ya fi ja, ba ya riƙe kabonet ko kaɗan, sai komai ya zube a tashi ɗaya a wajen digiri 350, a samu CeO2 mai launin rawaya mai haske. Wannan mataki yana fitar da zafi da kansa, kuma CeO2 ɗin da ya fara samuwa yana taimaka wa kabon monoksayid ƙonewa, shi ya sa garin abokinka bai yi toka ba. Lissafinsa shi ne giram 344.2 a kan 724.4, kashi 47.5 cikin 100, wato giram 4.75 daga kowane giram 10. Da zai maimaita gwajin a cikin iskar agon ko naitrojin, da zai ga baƙin gari mai kabon da rushewa mai jan lokaci, domin an hana siriyom abin da yake ba shi saurin. Firasiyodimiyom da tabiyom suna hawa caji huɗu, amma ba dukkan ayon ɗin ba, shi ya sa oksayid ɗinsu a iska Pr6O11 ne da Tb4O7. Yana da kyau ka ga na firasiyodimiyom da idonka: gishiri ne kore shar yake shiga tanderu, ya fito kusan baƙi, kuma wannan baƙin ba kabon ba ne, launin oksayid ɗin ne. Ɗalibai da yawa suna lissafinsa a matsayin Pr2O3, sai nauyi ya ƙi fitowa daidai.

Wannan bambanci na siriyom ba abin ɗakin gwaji kaɗai ba ne, da shi aka gano lantanom ɗin da kake aiki da shi. A 1839 Carl Gustaf Mosander, a ƙasar Suwidin, ya gasa naitret na abin da a lokacin ake ɗauka siriyom ne zalla, sannan ya zuba wa garin asid na naitrik mai ruwa-ruwa. Siriyom da ya zama CeO2 ya ƙi narkewa, wani abu kuma ya narke, wanda ya kira lantanom, daga kalmar Girkanci mai nufin ɓoyewa. Wannan dabara ce aka faɗaɗa a ma'adinin Mountain Pass da ke Kalifoniya a Amurka, inda ake haƙo bastnasayit, dutse mai haɗin kabonet da fulorayid. Idan aka gasa shi a iska a wajen digiri 500 zuwa 600, kabon dayoksayid yana fita, siriyom ya hau caji huɗu, sai a wanke da asid na haidrokulorik mai ruwa-ruwa: lantanom da niyodimiyom da sauran masu caji uku su bi ruwa, siriyom ya zauna a ƙasa. Da yake siriyom ya kai kusan rabin ƙarafan da ke cikin wannan dutse, cire shi da gashi ɗaya yana rage aikin da ke gaba sosai.

Naitret ya fi oksalet saurin rushewa, amma ya fi shi wuyar sha'ani. Na manyan ayon yana zuwa da ruwa shida, na ƙanana da biyar, kuma tun kafin digiri 100 yake narkewa a cikin ruwan jikinsa, ya zama kamar ruwan sukari mai kauri, yana tafasa yana kumfa, yana iya tsallake bakin kasko idan an yi gaggawa. Bayan ruwan ya fita sai hayaƙi mai ruwan ƙasa ya fara tashi, wato naitrojin dayoksayid, wanda yake da guba ga huhu. Jimillar rushewar ita ce 4Ln(NO3)3 → 2Ln2O3 + 12NO2 + 3O2, inda Ln yake wakiltar kowane ɗan gidan, amma a nan ma akwai zango a tsakiya, oksinaitret, LnONO3. Lantanom da maƙwabtansa suna iya bushewa su zama naitret marar ruwa kafin su fara rushewa, ƙananan kuwa tun ruwan bai gama fita ba suke fara sakin asid, ba a samun busasshen naitret ɗinsu ta wannan hanya. Na siriyom tun tsakanin digiri 200 zuwa 300 yake komawa CeO2. Masanan ƙarni na 19 sun yi amfani da wannan tazara: su narkar da gaurayen naitret, su tsayar da wutar da zarar hayaƙi ya fara, su zuba ruwa, wanda ya riga ya rushe ya ƙi narkewa, wanda bai rushe ba ya narke, su maimaita sau da yawa. Ta haka Jean Charles de Marignac ya raba itabiyom daga arbiyom a Janiba a 1878.

Wataƙila ka taɓa ganin rushewar naitret ba tare da ka sani ba. Fitilar nan ta kananzir da ake yi wa famfo, irin wadda masu tsire da masu shayi suke kunnawa da daddare kafin zuwan fitilu masu caji, ana ɗaura mata wata 'yar raga mai laushi kamar safa. Ranar farko ana cinna wa ragar wuta, ta yi hayaƙi, ta tsuke, ta koma farar toka mai siffar ragar, wadda ko yatsa ya taɓa ta sai ta ruguje. Asalin wannan dabara ta Carl Auer von Welsbach ce, mutumin Ostiriya, wanda a 1891 ya daidaita haɗinta: zare da aka jiƙa a ruwan naitret na toriyom da ɗan na siriyom. Wuta tana cinye zaren, tana rushe gishirin, ta bar oksayid kashi 99 na toriyom da kashi 1 na siriyom, kuma wannan tokar ce take bayar da farin haske. Darasin da ke cikinta yana da amfani a ɗakin gwaji: oksayid yana gadon siffar abin da ya fito daga gare shi. Idan ƙwayoyin oksalet ɗinka dogaye ne kamar allura, oksayid ɗin ma haka zai fito a madubin ƙara girma, sai dai cike da ƙananan ramuka inda iskar gas ta bi ta fita.

Kulorayid shi ne wanda ya fi yaudarar mutane, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Na lantanom da siriyom da firasiyodimiyom yana da ruwa bakwai, na sauran shida. Mutum zai ɗauka cewa idan ya gasa shi zai samu busasshen kulorayid kamar yadda ake busar da gishirin miya, amma ba haka abin yake ba. Ruwan farko suna fita lafiya, har a rage saura ɗaya, shi kuma na ƙarshen yana manne da ayon ɗin ƙarfe da ƙarfin da ya sa kafin ya tashi, ƙarfen ya riga ya fizge oksijin ɗinsa, haidrojin kuma ya tafi da kulorin: LnCl3·H2O → LnOCl + 2HCl. Abin da ya rage oksikulorayid ne, ba ya narkewa a ruwa, kuma ana gane shi da sauƙi, domin idan ka zuba garin a ruwa sai ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, alhali busasshen kulorayid na gaskiya yana narkewa garau har ruwan ya yi ɗumi. Dokar girma tana aiki a nan ma: na lantanom da siriyom ana iya lallaɓa su a hankali a cikin na'urar zuƙe iska, amma na itabiyom da lutitiyom da iskandiyom kusan ba sa yarda. Maganin shi ne a hana HCl fita ta hanyar cika wurin da shi. Ko dai a busar da gishirin a ƙarƙashin iskar HCl, ko a gauraya shi da kulorayid na amoniyom mai yawa, wanda yake haɗuwa da shi ya zama (NH4)2LnCl5 ko (NH4)3LnCl6. Wannan haɗi ba ya riƙe ruwa, kuma idan aka kai shi digiri 350 zuwa 400 a cikin na'urar zuƙe iska, amoniyom ɗin yana tashi ya bar LnCl3 tsantsa. Muhimmancin wannan shi ne, ƙarfen kansa ana iya samunsa ta hanyar tura lantarki a cikin narkakken kulorayid, kuma oksikulorayid yana ɓata aikin. Gaurayen ƙarfen da aka daɗe ana samu ta wannan hanya, wanda rabinsa siriyom ne, shi ake haɗawa da baƙin ƙarfe a yi ɗan dutsen da yake ba da tartsatsi a cikin laita, ƙirƙirar Auer ɗin nan dai a 1903.

Salfet yana can ɗaya gefen, shi ne mai taurin kai. Yawancinsa yana da ruwa takwas, na lantanom tara, kuma ruwan yana fita tsaf kafin digiri 400 ba tare da ɓata gishirin ba. Busasshen salfet yana zaune har wajen digiri 800, daga nan ya fara sakin oksayid na salfa ya zama oksisalfet, Ln2O2SO4, shi kuma wannan sai an haura digiri 1,100 yake komawa oksayid, na lantanom ma ya fi haka. Ka lura da kamannin sunayen: oksikabonet, oksinaitret, oksikulorayid, oksisalfet. Kowannensu yana da shimfiɗar ƙarfe da oksijin mai ƙwari, ragowar gishirin kuma yana maƙale a tsakanin shimfiɗun, shi ya sa kusan kowane gishiri na wannan gida yake yada zango a nan. Taurin salfet yana da riba. Salfet na baƙin ƙarfe yana rushewa ya zama jan oksayid marar narkewa a zafin da na niyodimiyom bai ko motsa ba, saboda haka masu binciken sake sarrafa tsofaffin maganaɗisu sukan jiƙa garin maganaɗisun da asid na salfurik, su gasa a wajen digiri 750, su wanke da ruwa, niyodimiyom ya bi ruwan, baƙin ƙarfe ya zauna. Ruwan sanyi ake so, domin salfet na wannan gida ya fi narkewa a sanyi fiye da zafi, saɓanin yawancin gishiri. A Baotou ta ƙasar Sin, inda ake sarrafa ma'adinin Bayan Obo, gashi da asid na salfurik mai ƙarfi shi ne matakin farko, kuma hayaƙin fulorin da salfa da yake fitarwa yana cikin manyan matsalolin muhalli na wannan sana'a.

Fosfet da fulorayid kusan ba sa rushewa. Monazayit, yashin nan mai nauyi da ake samu a cikin ragowar wankin kuza a Filato, fosfet ne na siriyom da lantanom da niyodimiyom, kuma ba ya narkewa sai wajen digiri 2,000. Wuta kaɗai ba ta buɗe shi, sai an dafa shi da soda mai ƙuna ko asid na salfurik, kuma yana ɗauke da toriyom mai fitar da tururin nukiliya, saboda haka ba abin gwaji ba ne a gida ko a ɗakin da ba a tanada domin haka ba. Fulorayid na lantanom yana narkewa a wajen digiri 1,490 ba tare da ya rushe ba, amma idan akwai danshi a iskar tanderu yana komawa oksifulorayid a hankali, yana sakin HF.

Za ka lura ina ta cewa wajen kaza, tsakanin kaza da kaza. Da gangan ne, domin zafin rushewa ba kamar zafin narkewa ba ne da ke da lamba ɗaya. Yana motsawa da saurin hawan wuta, da yawan garin, da zurfinsa, da irin iskar da ke wucewa, har da girman ƙwayoyin. Miligiram 10 a cikin iska mai gudu yana iya gama rushewa digiri hamsin ko ɗari ƙasa da giram 10 a tanderun da ke rufe. Na'urar da ke auna nauyi yayin da zafi ke hawa, wadda Kotaro Honda ya ƙera a Jafan a 1915, ita ce ta bayyana waɗannan zanguna, kuma a ƙarshen shekarun 1950 Wesley Wendlandt a Amurka ya bi oksalet da naitret da kulorayid da salfet na wannan gida ɗaya bayan ɗaya da irinta. Yawancin alƙaluman da ke yawo a littattafai daga ƙananan samfura irin waɗannan suka fito. A ganina kuskure ne malami ya ba ɗalibi lamba ɗaya ba tare da ya faɗa masa yanayin da aka same ta ba, kuma ina zaton hakan ne ya sa ka tsaya a 600. Hujjar da ta fi lambar zafi ƙarfi ita ce nauyin da ya daina canzawa kuma ya dace da lissafi, sannan hoton ƙirar garin da hasken eksire idan sashenku yana da na'urar.

Ga abin da nake ba ka shawarar yi da garin da ke hannunka. Ka ɗebi kaɗan ka ɗiga masa asid na haidrokulorik mai ruwa-ruwa: idan ya yi kumfa, kabonet yana nan, kuma ƙurar baƙi da za ta rage tana yawo a ruwan ita ce kabon ɗin. Sauran ka baza shi a kasko mai faɗi na alumina ko filatinom, kada zurfinsa ya wuce rabin santimita, kada ka rufe, ka hau da wuta a hankali zuwa digiri 900, ka bar shi sa'a biyu. Tanderun ya kasance a ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi, musamman duk ranar da za ka fara daga sabon oksalet, domin kabon monoksayid ba shi da wari. Ka fito da shi da sauran zafinsa ka sa a tukunyar gilashi mai busarwa, ka auna da zarar ya huce, ka mayar da shi wuta sa'a ɗaya ka sake aunawa, har awo biyu su zo ɗaya. Ya kamata ka samu kusan giram 4.5, fari tas, sai dai a rage rabon abin da ka ɗiba domin gwajin asid. Idan ya ɗan kauce kaɗan, ka tuna cewa ruwan oksalet ba kullum yake cika goma daidai ba, ya danganta da yadda aka busar da shi.

Kada ka bar oksayid ɗin a buɗe. Girman ayon da ya sa lantanom ya ƙi sakin kabon dayoksayid shi ne kuma yake sa La2O3 ya zuƙo danshi da kabon dayoksayid daga iska, kusan kamar ƙonanniyar farar ƙasa. Giram 4.51 na oksayid idan ya koma La(OH)3 gaba ɗaya zai zama giram 5.26, ƙarin kusan kashi 17 cikin 100, kuma da damina kwanaki kaɗan sun isa, har dunƙulen da aka matse yakan kumbura ya farfashe ya koma gari. Haidroksayid ɗin yana komawa LaOOH a wajen digiri 350, ya koma oksayid a wajen 500, amma kabonet ɗin da ya shiga tare da shi yana buƙatar 800 ɗin nan dai. Saboda haka duk ranar da za ka auna La2O3 ko Nd2O3 domin wani haɗi, ko da daga sabuwar kwalba ka ɗebo shi, ka fara gasa shi a digiri 900, ka auna shi a ranar.